Idon sawuna ya cinye: in yarda a haɗe gaɓar a nan gida, ko in tafi Indiya a sa mini ta ƙarfe?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai shekara 57, ina zaune cikin garin Sakkwato, sana'ata albasa. Ina saro ta daga fadamun Wurno da Goronyo, in yi lodi zuwa Kudu. A shekarar 2009 na faɗi da babur, ƙafata ta hagu ta karye daidai idon sawu. Gida anka kai ni, mai ɗori ya ɗora, bayan wata uku na taka. Ƙafar ta ɗan karkace, amma ban damu ba tunda ina tafiya. Shekara huɗu ke nan wanga ciwo ya taso ni gaba. Da asuba sai na dafa bango kafin in kai ga buta. In na wuni a fadama, da dare idon sawun ya kumbura kamar an hura, barci kuwa sai na haɗiyi ƙwayoyin kemis. Ina kuma da ciwon suga shekara shida, ina shan magani, amma ba kullum nake awo ba.

Likitan ƙashi ya dubi hoto ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Shawararsa a yi mini aiki a haɗe gaɓar da ƙusoshi, ciwon zai tafi amma idon sawun ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Babban ɗana da ke aiki Abuja ya ce bai yarda a mayar da ubansa gurgu ba. Ya samo wani mai haɗa marasa lafiya da asibitocin Indiya, sunka ce za su cire gaɓar su sa ta ƙarfe, cikin wata biyu in koma kamar da. Shi zai biya rabi, sauran sai na sayar da filin da na aje don auren ƙannensa mata. Uwargida kuwa kuka take, ta ce kada a taɓa ƙafar ko kaɗan, don yayanta mai ciwon suga daga ɗan gyambo anka yanke mishi ƙafa.

Babban abin da ke ci mini rai shi ne salla. Fiye da shekara talatin ina sahun gaba a masallacin unguwarmu, ba na son in koma mai salla bisa kujera. Kuma ba na son in watsa wa yaron nan ƙasa a ido. Mi ya kamata in yi?

Alhaji, daga Sakkwato

Wa alaikumus salam, Alhaji. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Dafa bangon nan na asuba ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya saba kewaye fadama da ƙafarsa, ya hau bayan tirela ya ƙirga buhu, a ce yau tsakanin gado da buta sai da dabara, ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma mutum uku da ke son lafiyarka, kowa na jan ka nasa ɓangaren. Ba a banza ka shiga ruɗani ba.

Bari in fara da abin da zai sanyaya maka rai. Ciwon nan yana da azaba, amma ba ya cikin waɗanda ake cewa in ba a yi aiki wannan watan ba an makara. Gaɓar da ta yi shekaru sama da goma tana cinyewa a hankali ba za ta ƙwace maka ba don ka ɗauki wata biyu ko uku kana bincike. Duk wanda ya ce maka ka zuba kuɗi yau don kada gurbi ya cika, ka ja baya da shi.

Idon sawu mahaɗar ƙasusuwa uku ce: babban ƙashin ƙwauri, da siririn da ke gefensa, da wani ɗan dunƙulallen ƙashi da ke zaune ƙarƙashinsu, bisa ƙashin dunduniya. Fuskokinsu a lulluɓe suke da guringuntsi mai santsi wanda kaurinsa bai wuce milimita biyu ba, kuma a kowane taku wannan ɗan wurin yana ɗaukar ninkin nauyin jikinka sau huɗu zuwa biyar. In karaya ta warke a karkace, sai nauyin ya taru gefe ɗaya, kamar tayar motar da ke cin gefe, har wurin ya suɗe. Gwiwa da ƙugu galibi tsufa ne ke cinye su, amma idon sawu, kusan bakwai zuwa takwas cikin goma tsohon rauni ne irin naka. Guringuntsin da ya cinye ba ya sake tsirowa, ko da maganin sha ko na shafawa. Kada kuma ka zauna kana cizon yatsa a kan ɗorin 2009. Ka yi abin da kowa ke yi a lokacin, ƙafar ta ɗauke ka shekaru ka ciyar da iyali, kuma ko waɗanda aka yi wa aiki a asibiti wasunsu na gamuwa da wannan ciwo daga baya.

Aikin da likitanka ya faɗa tsoho ne, an daɗe ana yin sa. Ana kankare ragowar guringuntsin, a miƙar da ƙafar ta daidaita kamar yadda take in mutum na tsaye, a ɗaure da ƙusoshin ƙarfe har ƙasusuwan su manne su zama ɗaya. Inda babu guga babu ciwo. Wanda ɗanka ke so kuwa, ana yanke fuskokin ƙasusuwan ne, a sa musu hular ƙarfe sama da ƙasa, a sa wata roba mai tauri a tsakani, gaɓar ta ci gaba da motsi. An fara gwada shi a Faransa a farkon shekarun 1970. Na farkon ba su yi ƙarko ba, suka riƙa kwancewa har likitoci da yawa suka yi watsi da aikin. Na yanzu sun fi su nesa ba kusa ba, kuma akwai dubban mutanen da suke tafiya a kansu suna godiya. Don haka ɗanka ba tatsuniya ya jiyo ba.

An ma gwada ayyukan biyu kafaɗa da kafaɗa. A Birtaniya an ɗauki mutum 303 masu shekara 50 zuwa 85, aka raba su biyu, rabi aka haɗe musu gaɓa, rabi aka sauya musu, aka fitar da sakamakon a 2022. Bayan shekara ɗaya duka ɓangarorin sun samu sauƙi sosai wajen tafiya da tsayuwa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a ce ɗaya ya kayar da ɗaya ba. Kowanne da irin tasa matsalar: waɗanda aka sauya wa gaɓa sun fi fama da jinkirin warkewar wurin yanka da taɓuwar jijiya, waɗanda aka haɗe wa kuma a cikinsu aka samu waɗanda ƙashin ya ƙi mannewa. Amma ka lura da wani sharaɗi, don nan ne maganarka take. Ba a shigar da kowa cikin gwajin ba sai wanda likitansa ya ga duka ayyukan biyu sun dace da ƙafarsa. Tambayar da ke gabanka ke nan, Alhaji: kai kana cikin waɗanda duka biyun suka dace da su?

Daga abin da ka rubuto, abu huɗu ne suka sa nake ɗari-ɗari da gaɓar ƙarfe a ƙafarka, kuma mafi girmansu suga. Fatar gaban idon sawu siririya ce, babu tsoka ƙarƙashinta, ta nan kuma ake yanka a mafi yawan lokuta. Mai sugan da bai daidaita ba, wurin yankan kan yi jinkirin haɗewa, in kuwa ya buɗe, tsakanin iska da ƙarfen nan ba wani nisa. Ƙwayoyin cuta in suka samu ƙarfe suka maƙale, maganin sha ko allura kaɗai ba ya fitar da su, sau da yawa sai an sake buɗewa an cire abin gaba ɗaya. Suga kuma yana kashe jijiyoyin ji a tafin ƙafa a ɓoye, mutum bai sani ba. Ƙafar da ta rasa ji, likitoci ba sa yarda su sa mata gaɓar ƙarfe, don ƙashin kan ruguje ƙarƙashinta ba tare da mai ita ya ji gargaɗi ba. Ka ce ba kullum kake awo ba. Wannan jimlar kaɗai ta isa a dakatar da maganar tikitin jirgi tukuna.

Sai karkacewar ƙafar. Gaɓar ƙarfe tana son a ɗora ta bisa ƙafa miƙaƙƙiya, in ba haka ba ita ma za ta ci gefe ɗaya kamar yadda taka ta asali ta ci. In karkatar kaɗan ce akan gyara ta a lokacin aikin, in ta yi yawa sai an ƙara wasu ayyukan a kai, kowane ƙari kuma da nasa haɗarin. Sai sana'arka. Wanda aka fi yi wa wannan aiki shi ne dattijo marar ƙiba sosai, mai tafiyar gida zuwa masallaci zuwa shago bisa shimfiɗaɗɗiyar hanya. Kai kuwa kana bin kunyoyin gona, kana tsallake magudanar ruwa, kana hawa kana dira daga mota, kana goya buhu a babur. Roba tana suɗewa, ƙarfe yana kwancewa daga ƙashi, kuma yawan aiki na gaggauta hakan. Ƙididdigar ƙasashen da ke bibiyar waɗannan ayyuka ta nuna bayan shekara goma, tsakanin bakwai zuwa tara cikin goma ne ke nan daram ba a sake taɓa su ba. Gwiwar ƙarfe ta fi haka ƙarko sosai, shi ya sa bai kamata a auna idon sawu da labarin wani da aka sauya wa gwiwa ya ji daɗi ba. Mai shekara 57, in Allah ya ja kwana, yana iya riskar ranar da za a ce sai an sake aiki.

Abu na huɗu shi ne wanda dillalin ba zai taɓa ɗago maka ba: wa zai riƙe ka bayan ka dawo? Sauya gaɓar idon sawu bai yawaita ba ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi, in aka kwatanta da na gwiwa da ƙugu, kuma kowane kamfani da irin nasa ƙarfen da nasa kayan kwancewa. Ka ɗauka ka dawo Sakkwato lafiya, bayan wata biyar wurin ya fara tsatsar ruwa, ko bayan shekara shida hoto ya nuna ƙarfen ya nutse cikin ƙashi. Filin an riga an sayar. Da me za a koma? In aka cire gaɓar ƙarfe, rami take bari, haɗe ƙashin a lokacin ya fi wuya nesa da haɗe shi tun farko, wani lokaci sai an ciro ƙashi daga wani wuri an cike, ƙafar kuma ta iya gajarta. Kuɗin da aka faɗa muku na aikin farko ne kawai. Maganar komawa kamar da cikin wata biyu kuma ba haka take ba. Makonnin farko ba a taka ƙafar, sai takalmin asibiti, sai gashin ƙashi, kumburi kuma kan kai shekara yana zuwa yana tafiya.

Yanzu salla, tunda ita ce ta fi damunka, kuma na ji daɗi da ita ce. Ina so ka yi wani abu yau bayan la'asar. Ka zauna bisa tabarma ka miƙe ƙafafunka biyu, ka ɗaga yatsun dama sama ka mayar ƙasa, sannan ka gwada da hagu. Ina kyautata zaton za ka tarar ta hagun ta riga ta ƙage, ɗan motsin da ya rage mata kuma shi ne mai ciwon. Abin da haɗewa za ta ɗauke maka ke nan, ba motsin lafiyayyar ƙafa ba. Gaɓar ƙarfe ma ba ta dawo da lanƙwasar ƙuruciya, galibi abin da mutum ya shiga da shi ne yake fita da shi, da ɗan ƙari. Ba wanda zai yi maka alkawarin tsugunno ko zama bisa ƙafa da ita.

Ka kuma dubi yadda muke salla. Tsayuwa da ruku'u, ƙafa a miƙe take, daidai yadda ake haɗe ta. A sujada yatsu ne ke lanƙwashewa su kafe a ƙasa, su kuma ba a taɓa su. Zama ne kaɗai zai canja. Zaman da aka koya mana a mazhabar Malikiyya, mutum ba ya hawa bisa ƙafar hagu, yana zura ta ne ƙarƙashin ta dama ya zauna a ƙasa, ya kafe ta daman. Taka matsalar a hagu take, don haka akwai kyakkyawan fata za ka samu yadda za ka aje ta, ko da ba daidai da da ba. Siffar zaman ba ta cikin farillan salla, ka tambayi limaminku zai warware maka. Kuma ko da a ce watannin jinya sai ka yi bisa kujera, ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Alwala ma akwai sauƙin shafa bisa ɗauri. Ba don kujera za a raba ka da sahun gaba ba.

Kalmar gurgu da ɗanka ya yi amfani da ita, tsoro ne ya sa shi, amma ba ta dace da abin ba. Ƙarƙashin idon sawu da tsakiyar ƙafa akwai wasu ƙananan gaɓoɓi da ke ci gaba da motsi, su ke rufa asiri. Na san wani tsohon direban babbar mota da aka haɗe wa tasa. In yana tafe bisa kwalta da takalmi, sai an faɗa maka za ka gane. Inda abin ke nunawa shi ne wajen saukowa matakala, nan za ka ga ya ɗan juya ƙafar gefe yana sauka ɗaya bayan ɗaya, da kuma in ya shiga rairayi mai zurfi. Tsugunno ya gagare shi, ya sa aka gina masa masai na zama. Da na tambaye shi ko yana nadama, cewa ya yi abin da ya fi tunawa shi ne daren farko da ya kwana har asuba ba tare da ƙwaya ba.

Ba zan ɓoye maka wahalar haɗewar ba. Haɗewa tana buƙatar haƙuri: mako shida ko fiye ba ka taka ƙafar ko kaɗan, jimillar zaman filasta da takalmin asibiti ya kai wata uku, mai suga kuma akan ƙara masa. Kusan ɗaya cikin goma ƙashin kan ƙi mannewa a karon farko, kuma masu shan taba da masu suga sun fi shiga wannan sahu. In kana taɓa sigari, ajiye ta wajibi ne kafin kowanne daga cikin ayyukan. Bayan shekaru masu yawa ƙananan gaɓoɓin nan da suka karɓi aikin su ma kan fara gajiya. Yawon fadama zai yi maka wuya fiye da tafiyar gari. Giyar babur ma a hagu take, ko da yake irin wadda ake takawa gaba da yatsu, baya da dunduniya, ta fi sauƙin sarrafawa. Duk da haka, in ta kama ta kama ke nan, babu abin da zai suɗe ko ya kwance, kuma aiki ne da likitocin ƙashi na ƙasar nan suka saba da shi, wanda ya yi maka yana kusa in wani abu ya taso. Shi ya sa, a kan abin da ka bayyana, zuciyata ta fi karkata ga shawarar likitanka.

Akwai abin da zai sa in sauya ra'ayi. In bincike ya nuna jin ƙafarka lafiya lau, jini na gudana sosai, suga ya daidaita, karkatar ba ta da yawa, musamman kuma in ƙananan gaɓoɓin nan sun riga sun cinye ta yadda ba za su iya karɓar aikin ba, sannan kai ma ka shirya miƙa wa yara yawon fadama ka zauna a rumfa kana ciniki, to gaɓar ƙarfe ta zama abin dubawa da gaske. Wannan kuwa ba a gane shi ta waya.

Ga yadda nake ganin za ka bi. Ka fara da awon suga na wata uku, wanda likitoci ke rubutawa HbA1c, don shi ba ya ruɗuwa da abin da ka ci jiya. Yawancin masu aikin ƙashi suna son ganin sa ƙasa da 8, in ya kusanci 7 ya fi. Ka sa a gwada jin tafin ƙafarka da ɗan zaren roban nan da ake dangwalawa, a taɓa bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu, a auna ƙoda. A sake ɗaukar hoton ƙashi kana tsaye bisa ƙafar, don hoton kwance yana ɓoye karkata. Daga nan ka nemi ra'ayin likitan ƙashi na biyu. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga asibitin ƙashi na Wamakko, in kuma kana son ka ƙara nisa ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Neman ra'ayi na biyu ba raini ba ne ga na farko, likitan kirki ba ya jin haushinsa. Ka tambaye su ko akwai ragowar guringuntsi a gefe ɗaya, don in akwai, wani lokaci akan yanke ƙashin ƙwauri a miƙar da shi, nauyi ya koma bisa lafiyayyen gefen, a jinkirta manyan ayyukan biyu.

Ka kuma roƙi likita ya ba ka takalmin asibiti mai tauri, irin mai kaiwa ƙwauri, ka yi mako biyu ko uku kana harkokinka da shi. Yana hana idon sawu motsi, don haka zai ɗanɗana maka yadda rayuwa da haɗaɗɗiyar gaɓa take tun ba a taɓa ka da wuƙa ba. Ka je masallaci da shi, ka je kasuwa, ka ga abin da ya gagara da wanda bai gagara ba. Wasu ma daga nan suke gane cewa abin ɗaure idon sawu, da takalmi mai lanƙwasasshen ƙasa, da sanda a hannun dama, da rage ƙiba, sun ishe su shekara ɗaya ko biyu. Allurar cikin gaɓa tana ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma tana tayar da suga, kuma ba a yin ta dab da aiki, don haka sai da sanin likitan da zai yi aikin.

Ƙwayoyin kemis ɗin nan kuwa sun fi ba ni tsoro a yanzu fiye da ƙafar. Irin su diclofenac da ibuprofen, in aka ɗauki shekaru ana sha kullum, suna cin ciki suna raunana ƙoda, balle ga mai suga da ke wuni cikin ranar Sakkwato yana zufa. Haɗin da ake ƙullawa a leda kuma sau da yawa akwai masu tayar da suga a ciki. Ka kwashe su duka ka kai wa likita ya gani da idonsa, ya zaɓa maka wanda ƙodarka za ta iya ɗauka.

Ɗanka, Allah ya yi masa albarka. Yaron da ya ce zai fitar da rabin kuɗin aiki a ƙasar waje don ubansa, ba a ce masa a'a a waya. Ka kira shi ya zo, ya raka ka wurin likita na biyu, ya yi tambayoyinsa da bakinsa, a nuna masa hoton. Ka kuma ba shi aiki: ya tura hoton tsaye da sakamakon suga ga likitan da zai yi aikin a can, ba ga dillali ba, don shi dillali ladansa na cikin tafiyarka. Ya nemi amsa a rubuce: idon sawu nawa likitan ke sauyawa a shekara, wane irin ƙarfe zai sa, mako nawa za ka zauna kafin a yarda ka hau jirgi tunda doguwar tafiya bayan aikin ƙafa na jawo daskarewar jini, kuma in wurin ya rure bayan ka dawo Najeriya wa zai ɗauki nauyi. Likitan gaskiya in ya ji suga da karkata da sana'arka, shi da kansa zai ja birki ko ya ƙara neman bincike. In kuwa aka amsa da cewa ba komai ku dai taho, to kun samu amsarku. Kuma ko a nan gida aka yi aikin, kuɗin yaron na da wurin zuwa: gwaje-gwaje, na'urar awon suga, masai na zama, yaron da zai riƙe maka saro, da cefanen wata huɗu da za ka yi ba ka fita. Ka faɗa masa haka, don ya san ba hannunsa ka mayar ba.

Hajiya kuma kada a ɗauki kukanta a matsayin rashin sani. Ta ga abin da suga ya yi wa ɗan'uwanta, kuma abokin gaban da take tsoro shi ne dai wanda na fi jaddada maka. Inda zan saɓa mata kawai shi ne, barin ƙafar haka ma ba tsira ba ne in zai sa ka ci gaba da haɗiyar ƙwaya kana rage tafiya, suga na ƙara hawa. Ka tafi da ita asibiti ta ji da kunnenta. Ita za ta yi jinyar, ita ke riƙe da tukunya, daidaita suganka rabi a hannunta yake. Ka roƙe ta ta riƙa duba maka tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, ka daina taka ƙasa ba takalmi. Ranar da kuka ga gyambo, ko ƙafar ta yi zafi ta kumbura fiye da yadda ta saba, ko da babu ciwo, wannan ba ya jiran ranar ganin likita, ku tafi a ranar.

Filin 'yan mata a bar shi inda yake har sai takardun nan sun hallara a hannunka. In sun hallara, ka yi istihara, ka zauna da su biyun, sannan ka yanke, don ƙafar taka ce. In aiki ya tabbata, ka nemi a sa shi lokacin da kasuwar albasa ta lafa, ka kauce wa zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, don filasta da zufa ba sa shiri. Ka sake rubuto mini da sakamakon awon wata ukun da abin da likita na biyu ya ce, mu ɗora daga nan. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, a gaida Hajiya da yara.